Umaima Ba Ta Cikin Kati

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyata. Na ga saƙonninku, masu cewa Hadiyya kin yi shiru, da masu tambayar ko an kawo kayan gaisuwar, har da wata baiwar Allah da ta ce in turo mata hoton anko. Ku yi haƙuri, babu anko a labarin yau. Wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙwari gara ta sha ruwa tukuna kafin ta ci gaba.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, ni ce autar gidan Malam Inuwa na Toranke, a ƙasar Ajingi. Gidanmu gidan karatu ne, Malam yana da Islamiyya a zaure. Yayana Mu'az malamin firamare ne, kuma shi kaɗai ne mai albashi a cikinmu. 'Ya'yansa uku, Umaima da Zuhra da Ikrama. Amma idan ka tare shi a hanya ka tambaye shi, ce maka zai yi biyu.

Mu a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa wa Umaima suna, Yaya bai taɓa ɗora sunan nan a harshensa ba. "Waccan" ce, ko "'yar Inna", idan ta kama dole ya ce "ke". Matarsa Anti Batula ma haka, ko kallon kirki ba ta yi mata a gaban mutane. Ana yaye ta aka miƙo ta ɗakin Inna, mahaifiyarmu, ni kuma na goye ta har bayana ya saba da ɗuminta. Gwaggo ya kamata ta riƙa ce mini, na ce Allah ya kiyaye, ina budurwata, Anti za ta ce. Kuma kada ku ce Yaya ba ya sonta. Shi ne mai ajiye mata dabino a kan tagar Inna ya wuce kamar ba shi ya ajiye ba.

Sai dai Umaima sikila ce. Shekararta bakwai, amma idan ta tsaya kusa da Zuhra mai biyar sai ka ce tagwaye ne.

Shekara biyu da suka wuce aka ce dole kowane ma'aikaci ya shiga inshorar lafiya, ana cire masa daga albashi duk wata, shi da matarsa da 'ya'yansa a duba su da kati. Masu rajista suka zo wata makaranta a Ajingi da kwamfuta da kyamara. Muka ɗunguma gaba ɗaya. Ni na yi wa Umaima kwalliya da hannuna, doguwar riga ruwan ƙwai da ɗan hijabi fari, har da kwalli, don a kanta muka fi murnar abin. Da layi ya zo kanmu jami'in ya ce,

"Malam, 'ya'ya nawa?"

Hedimastan su Yaya yana zaune a gefe, kuma aminin Malam ne tun suna samari. Yaya ya dube shi, ya sunkuyar da kai.

"Biyu."

Hedimasta ya yi murmushi ya ce, "Ɗan gidan Malam Inuwa kenan. Kunya ba ta ƙare a duniya ba."

Na ce, "Yaya, ita fa?" Ya watso mini harara. Aka ɗauki hoton Zuhra, aka ɗauki na Ikrama yana tsala ihu, Umaima tana riƙe da yatsana tana jiran a kira ta. A hanyar gida Yaya ya ce in kwantar da hankalina, zai je ya ƙara ta shi kaɗai, ba a bainar jama'a ba. Ya je ɗin kuwa, har Kano. Aka ce sai takardar haihuwa, sai takardar rantsuwa daga kotu, sai lambar ɗan ƙasa ta yarinya, sannan ya dawo wata ranar. Mutumin da ke da aji cike da yara da gona a bayan gari, ina ya ga wata ranar? Haka maganar ta bi ruwa, cirewa daga albashi kuwa ba a taɓa fashi ba.

Katin nan ne ya haɗa ni da Nu'uman. Ƙaramin asibitin da aka haɗa su Yaya da shi a Gaya yake, kuma shi ne ke zaune a teburin inshora. Na kai Ikrama yana gudawa, ya karɓi kati, ya karɓi lambar waya wai don bibiyar jikin yaro. Yaro ya warke tuni, bibiya ba ta ƙare ba. Barebari ne su, amma tun kakansa suke Gaya, babansa Goni yana sayar da hatsi a kasuwa. Dogo ne, baƙi, ba ya rabo da farin yadi da biro biyu a aljihu. A wayata Mai Kati na sa masa.

Aibinsa ɗaya, zance ya yi zance sai ya karkata kan aikinsa. Wai dokar ta yi musu nauyi, rahoto kan rahoto, masu bincike ba sa ɗaga ƙafa, kafin a tura mara lafiya babban asibiti sai an kira kamfanin inshora an roƙi lambar izini, asibitoci biyu a yankin sun gaji sun fita daga tsarin. Wai su da sauran ƙananan asibitoci sun kai kuka a sassauta, ko da ƙara sunan yaro ne a bari a riƙa yi a nan Gaya. Ni kuwa ina zaune a kan tabarma, na sha turare da leshina mai ruwan zuma, sai in yi hamma in ce,

"Malam Nu'uman, zance ka zo ko taron ƙara wa juna sani?"

Ya yi dariya ya ce, "Tuba nake ranki ya daɗe."

Ranar Asabar ɗin nan ne kawunnansa za su kawo kayan gaisuwa. Inna har ta sa an shafe zaure.

Ranar Laraba aka yini ana ruwa. Ina can ina tankaɗen garin da za a yi alkaki, ban ankara ba Umaima ta bi su Zuhra tsakar gida suna tsalle a ƙarƙashin indararo. Na fizgo ta na goge mata jiki na shafe ta da man zafi, amma aikin gama ya gama. Da safiyar Alhamis ta kasa miƙewa. Idanunta sun yi ɗorawa, tafin hannunta fari fat, tana numfashi sama-sama tana dafe ƙirji. Ba irin ciwon da muka saba ba ne, wanda take kuka tana cewa ƙafarta. Wannan ko kukan ba ta iya yi.

Maƙwabcinmu mai motar kasuwa ya ɗauke mu zuwa asibitin su Nu'uman, ni da Inna da Yaya da Anti Batula, Malam a gaba da carbinsa. Likitan Gaya ya duba ta, ya ja fatar idonta, ya sa mata ruwa, sannan ya kira Yaya gefe amma duk muna ji. Ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ciwon kuma ya kama ƙirji, tana buƙatar jini da iskar numfashi, su kuma ba su da su. Sai Kano, kuma yau. Can ɗin ko dai a je da kati da lambar izini, ko a ajiye kuɗi masu nauyi kafin a ba da gado.

Kuɗi? Tsakiyar damina ce, rumbu ya yi ƙasa, gero bai ko fitar da kai ba. Tumakin Inna a ciwon bara suka tafi. Yaya ya shiga kiran mutane, kowa yana cewa Allah ya sawwaƙe, bari ya gani zuwa jibi.

Inna ta ja ni bakin baranda. Anti Batula ta biyo mu, ta kwance bakin zaninta ta fito da kati. Hoton Zuhra ne a jiki, da ɗan kitsonta biyu.

"Ungo," in ji Inna. "Kai wa yaron nan."

"Inna, na Zuhra ne fa."

"Na ce miki ban sani ba? Uwa ɗaya uba ɗaya, kamarsu ɗaya. Wa zai tsaya ƙirga musu haƙora?"

"Aikinsa fa, Inna? Idan aka kama…"

"Aikinsa ya fi ran 'yar mutum? Ba shi ne ke sintiri a ƙofar gidanmu yana cewa zai iya yi miki komai ba? To ga komai ɗin ya zo."

Anti Batula ta jira sai da na karɓa. Sannan ta kama gefen hijabina ta ce a hankali, "Hadiyya, ki taimaki yarinyar Inna." Ko a nan bakinta bai iya cewa 'yata ba. Wallahi na ji haushinta, na kuma ji tausayinta, ban san wanda ya fi yawa ba.

Na sami Nu'uman a teburinsa, ya riga ya buɗe shafin su Yaya yana kallo kamar sunan zai tsiro da kansa. Na ajiye katin a gabansa. Ya dube shi, ya dube ni, fuskarsa ta sauya.

"Hadiyya, kada ki sa ni."

"Ban sa ka ba. Roƙonka nake."

"Kin san me kike roƙo? Idan na tura, Zuhra ta zama sikila a rubuce, duk inda ta je da katin nan haka za a gani. Idan kuma aka gano, ba ni kaɗai ba ne. Cire asibitin nan za a yi daga tsarin, malaman Gaya da na Ajingi su koma neman magani a Wudil. Mu kaɗai muka rage."

"To ta mutu kenan, don malamai su huta da tafiya Wudil?"

Ya runtse ido. "Ba haka na ce ba. Ba ni dama in gwada hanyar gaskiya. Akwai wata Hajiya a kamfanin, tana da kirki. Idan Yaya ya tabbatar mata da bakinsa cewa 'yarsa ce, wataƙila ta ba mu lambar gaggawa."

Netwok ɗin asibitin nan ba ya kamawa sai a jikin taga ɗaya, kuma tagar a kan gadon Umaima take. Nan muka taru. Nu'uman ya kira ya fi sau nawa ana cewa a jira, kiɗa yana tashi, kafin Hajiyar ta ɗauka. Ya yi mata bayani, ya buɗe murya kowa yana ji.

"Ina mai katin?" ta ce. "Malam, ana naɗar muryarka. Faɗi cikakken sunan yarinyar da abin da take a wurinka."

Malam yana tsaye a ƙarshen gado. Inna tana nan, Anti Batula tana nan, ga mutanen gado na kusa sun zuba ido. Yaya ya riƙe wayar da hannu biyu, gumi yana bin wuyan rigarsa. Ya buɗe baki ya rufe.

"Malam, kana ji na? Akwai masu jira a layi."

Sai Malam ya juya mana baya, ya fuskanci bango kamar mai karanta wani abu a jikinsa, ya ce, "Faɗa mata, Mu'azu."

Muryar da ta fito ba ta Yaya ba ce da na sani, wanda ake jiyo shi daga bayan aji.

"Umaima. Umaima Mu'az. 'Yata ce. Ita ce ta fari."

Umaima ta buɗe ido. Tun safe ba ta buɗe su sosai ba, amma ta buɗe, ta juyo da kanta a kan matashi tana kallonsa. Anti Batula ta cusa fuska a mayafi. Ni kuwa hawaye kawai nake, na ce a raina shi kenan, an biya abin da ake bi, yanzu za a ba mu lamba.

Muna jin ƙarar dannawa ta cikin waya. Can Hajiyar ta yi ajiyar zuciya.

"Na shigar da buƙatar. Amma sunan ba zai hau ba sai an kawo takardu an tantance, sannan akwai kwanakin jira da doka ta sa wa sabon shiga. Zai kai makonni."

Nu'uman ya ce, "Hajiya, yarinyar ba ta da makonni."

"Na sani, ɗana. Wallahi ni ma uwa ce. Amma babu inda zan danna ya ba ni lamba a kan sunan da bai hau ba. Mu ma mun faɗa mun gaji. Allah ya ba ta lafiya."

Ta kashe. Yaya ya tsaya da waya a hannu, ya zubar da kunyar shekara bakwai a gaban mahaifinsa, ba a ba shi komai ba.

Nu'uman ya koma teburinsa. Daga inda nake tsaye ina hango shi ta ƙofa, ya dafe kai. Ba zan iya ɗaga murya a gaban Malam ba, don haka na ciro wayata. Ga abin da na rubuta, ban rage muku ko harafi ba:

"Katin yana gabanka."

Ya karanta. Ya rubuto, "Ina neman wanda zai ranta mana. Ki ƙara mini lokaci kaɗan."

"Leɓenta ya fara baƙi."

Ina ganin alamar yana rubutu, ya goge, ya sake.

Sai na rubuta, "Idan ba za ka iya ba, ka gaya wa kawunnanka kada su wahalar da kansu ranar Asabar."

Na tura. Na san ba adalci ba ne tun kafin yatsana ya bar gilashin. Na ɗauki son da bawan Allah yake yi mini na ɗora masa a wuya kamar wuƙa, kuma da za a maido ni wurin, ina jin haka zan sake yi. Ku zage ni a ƙasan rubutun nan idan kuna so.

Ya daɗe yana kallon wayar. Bai ɗago ya dube ni ba. Ya jawo katin Zuhra, ya danna abin da zai danna, ya je wata tagar ya yi kira da murya ƙasa-ƙasa. Bai jima ba ya dawo da takarda. Likita ya sa hannu ba tare da ya ɗaga kai ba, ban sani ba ko bai lura ba ne ko bai so ya lura. Nu'uman ya miƙa wa Yaya takardar da katin, ya ce, "Ku yi sauri." Ni ko kallo ban samu ba.

Malam ya ce shi zai koma gida ya sa yara addu'a, Anti Batula ta bi shi saboda Ikrama. A mota Umaima tana kwance a cinyata, Inna tana riƙe da ledar ƙarin ruwan ta ɗaga ta sama, Yaya a gaba. Mun wuce gonaki kore shar, ruwa kwance a kunyoyi. Inna ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Koya mata."

Na sunkuya kusa da kunnenta. "Umaima, kina ji na? Idan mun je, duk wanda ya tambaye ki sunanki, ki ce Zuhra."

Ta ja numfashi. "Me ya sa?"

"Wasa ne. Yau ke ce Zuhra. Idan kin warke sai ki koma."

"Amma Baba ya ce Umaima."

"Na sani. Ke dai ki ce Zuhra."

"Anti." Ta kama yatsana, irin kamun ranar hoto. "Ashe ya san sunana?"

Direba ya ƙara wuta ba tare da kowa ya ce masa komai ba. Yaya bai juyo ba. Ƙeyarsa kawai nake gani, da kafaɗunsa suna rawa. Na ce mata ya sani mana, tun ranar da aka haife ki ya sani. Ta yi ɗan murmushi da busasshen leɓenta ta lumshe ido. Na sake cewa, "Wace ce ke?" Ta ce, "Zuhra," a gajiye, kamar mai biya karatun da ba ta so.

Muna kan gadar Wudil wayata ta yi ƙara. Mai Kati.

"Litinin masu bincike za su zo, tun makon jiya aka shaida mana. Duk turawar da aka yi sai sun bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ki kula da ita."

Ashe ya sani tun yana dannawa. Na rubuta, "Ka yafe mini." Ya karanta. Na rubuta, "Asabar fa?" Ya karanta wannan ma. Har muka shiga Kano ina duba wayar, babu amsa.

Babban asibitin cike yake maƙil, mutane har a ƙasa. Yaya ya saɓa Umaima a kafaɗa, karo na farko da na taɓa ganin ya ɗauke ta, ta sa hannu ta zagaye wuyansa. Muka kutsa har teburin karɓar yara. Nas ɗin babbar mace ce mai tabarau, da ka gan ta ka ga wadda ta ga iri-iri. Ta karɓi takarda, ta duba lambar izini, ta ce a shirya gado na kusa da tukunyar iska. Zuciyata ta fara sauka.

Sai ta ɗaga katin. Ta dubi hoton, ta dubi yarinyar da ke kafaɗar Yaya, ta sake duban hoton. Ta karanta shekarun, ta leƙo ta saman tabarau.

"Sannu 'yan mata, sannu kin ji. Ya sunanki?"

Na matse ƙafarta a hankali. Inna ta fara motsa baki tana salati. Umaima ba ta dube ni ba, ba ta dubi nas ɗin ba. Ta ɗago kanta da ƙyar daga kafaɗar Yaya, ta kalli fuskarsa, ta tattara ɗan numfashin da ya rage mata, ta faɗa da ƙarfi yadda har na bayanmu suka ji.

"Umaima Mu'az. Ni ce ta fari."

Nas ɗin ta ajiye bironta a kan tebur.